Atina ko Tasalonika: Ina Ya Fi Dacewa a Ci Abincin Girka a Hutun Ƙarshen Shekara?

Hotunan Girka da ke yawo a wayoyinmu, fararen gidaje a kan dutse da shuɗin teku a ƙasa, duk na lokacin zafi ne. Da Nuwamba ya kama, yawancin masaukai da gidajen abinci na tsibirai irin su Santorini da Mikonos sukan ja ƙofa sai wata shekara. Saboda haka wanda hutunsa ya faɗo tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma abinci ne babban abin da zai kai shi, birane biyu ne a gabansa: Atina, babban birnin ƙasar, da Tasalonika can arewa. Tazararsu kusan kilomita 500 ce, ƙasa da awa ɗaya a jirgin sama, wajen awa biyar a jirgin ƙasa ko mota. 'Yan'uwanmu Kirista sun san sunayen nan biyu tun daga Littafi Mai Tsarki, inda Bulus ya yi wa'azi a Atina, ya kuma aika wa Tasalonikawa wasiƙu biyu.

Bari in faɗi inda na karkata tun da wuri. In abin taunawa ake nema, Tasalonika na zaɓa. In abin sha ne da sauƙin zama, musamman ga Musulmin da wannan ce tafiyarsa ta farko, Atina ta fi. Amma kafin maganar birane akwai maganar rana, domin a Girka kwanan watan da ka sauka ya fi birnin da ka sauka tasiri a kan abin da za ka tarar a tukunya.

Cocin Otodoks na Girka yana da azumin kwana 40 kafin Kirsimeti, daga 15 ga Nuwamba zuwa 24 ga Disamba. Nasu azumin na barin nama da madara da ƙwai ne, ana ci ana sha da rana, kifi kuma an yarda da shi a mafi yawan kwanakin har tsakiyar Disamba. Ba kowa ke yinsa ba yanzu, amma masu yin sun isa su sa gidajen abinci da gidajen burodi su tanadi abin da ake kira nistisima, wato abincin azumi. Ga mai gudun naman alade, ko mai shakka a kan yanka, kalmar nan guda ta fi masa doguwar tambaya amfani. A ƙarƙashinta za ka samu fasolada, miyar farin wake da karas da tumatir da man zaitun, wadda Girkawa da yawa ke ɗauka a matsayin abincin ƙasarsu. Akwai fakes, miyar adas da ake ɗiga wa ruwan tsami. Akwai gigantes, manya-manyan wake da aka gasa a tanderu cikin miyar tumatir, da spanakorizo, shinkafa da alayyafo da lemon tsami, wanda duk Bahaushen da ya tashi da dafa-duka mai ganye zai gane daga cokalin farko.

Ranar 25 ga Disamba sai tukunya ta juya. A karkarar Girka tun da can kowane gida kan yi kiwon alade guda ya yanka shi gab da Kirsimeti, kuma har yau naman biki shi ne wannan. Ana dafa shi da seleri cikin miyar ƙwai da lemon tsami da ake kira avgolemono, ana kuma naɗe niƙaƙƙensa da shinkafa cikin ganyen kabeji. Talo-talo da aka cusa wa shinkafa da kastana, wata ƙwayar itace da ake gasawa, ya shigo daga baya, amma shi ma cushensa yakan ƙunshi niƙaƙƙen nama, sai an tambaya na mene ne. Haka gyros da suvlaki na bakin titi, masu kama da shawarma da tsire: a Girka in ba ka ce komai ba, na alade za a ba ka. Don haka akwai kalmomin da ya kamata su zauna a bakin matafiyi. Hirino shi ne alade, kotopulo kaza, arni rago, moshari naman sa, psari kifi, krasi kuma giyar inabi, wadda ake zubawa a miyar nama irin su stifado da kokkinisto. Maganar cin yankan Ahlul Kitabi kuwa, kowa da abin da malaminsa ya karantar da shi, ni dai kalmomin na kawo.

To, Tasalonika. Daɗin abincin garin nan tarihinsa ne ya dafa shi. Yana hannun Daular Usmaniyya daga 1430 har 1912. Yahudawan da aka kora daga Sifen a 1492 sun zauna a cikinsa har suka zama kaso mafi girma na mutanen birnin na tsawon ƙarnoni. Sannan a 1923 aka yi musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya, Kiristoci fiye da miliyan ɗaya suka baro Anatoliya, Musulmi wajen 400,000 suka tafi can, kuma da yawa daga cikin masu zuwan a Tasalonika da kewayenta suka sauke kaya. Matan da suka taso daga Izmir da Istanbul da gaɓar Baƙin Teku sun bar gidaje da gonaki, amma sun zo da hannunsu na girki. Shi ya sa abincin arewacin Girka ya fi na kudu yaji da ƙamshi, kuma shi ne babban dalilin da nake ganin harshen Bahaushe zai fi sabawa da shi. A teburi za ka ga bukovo, dakakken jan barkono, ana barbaɗa shi kamar yadda muke barbaɗa yaji. A 2021 UNESCO ta sa birnin cikin jerin biranenta na fasahar girki, shi ne na farko a Girka.

Safiya a can da bugatsa take farawa. Ƙullin fulawa ne da mai yi yake wurgawa sama yana shimfiɗawa har ya zama siriri kamar takarda, a naɗe kirim ɗin samolina da madara a ciki, a gasa, a daddatsa shi ƙanana da wuƙa mai lanƙwasa, a barbaɗa garin sukari da kirfa. Akwai mai cuku, akwai mai alayyafo, akwai mai nama, na ƙarshen nan sai da tambaya. Ana sayar da bugatsa a Atina ma, amma wanda ya ci ta da zafinta a Tasalonika da sanyin asuba ya san akwai bambanci. Ga kuluri, zoben burodi mai riɗi, wanda ko a Atina sunan Tasalonika ake laƙaba masa. Da rana kuma sai buyurdi, cukun feta da aka gasa a ƙaramin kasko da tumatir da barkono mai zafi, ana dangwala da burodi. Sai sutzukakia, dogayen ƙwallayen niƙaƙƙen nama masu tafarnuwa da kayan ƙamshin kamun, gadon mutanen Izmir. Birnin yana bakin Tekun Tarmaikos, inda ake kiwon ƙumbar teku da suke kira midia, a dafa ta da shinkafa ko a soya. In dare ya yi nisa kuma akwai patsas, farfesun tumbi da ƙafa, ana zuba masa tafarnuwa da ruwan tsami da bukovo. Wannan kam ɗan'uwan farfesun kayan cikinmu ne na jini, sai dai a tabbatar na sa ne ko na rago.

Duk waɗannan a tafiyar ƙafa ake samunsu, kuma wannan ma abin lura ne. Kasuwar Kapani da ta Modiano suna maƙwabtaka da Dandalin Aristotelus a tsakiyar gari. Modiano an gina ta bayan babbar gobarar 1917, aka gyara ta aka sake buɗewa a ƙarshen 2022. Ta yi kyau, amma ni Kapani ta fi kwanta mini, don har yanzu kasuwa ce ta masu cefane, da ihun masu kifi da tulin zaitun. Ranar 24 da ranar 31 ga Disamba, tun da hantsi, mutanen gari kan fito da gasassun nama bakin titunan da ke kewaye da kasuwannin nan, masu busa ƙaho da masu ganga suna zagayawa har yamma. Abin kallo ne da Atina ba ta da irinsa. Gaskiyar magana dai, yawancin abin da ke kan wuta ran nan alade ne, abin da ke kofi kuma barasa, don haka Musulmi kallo zai sha ya nemi abincinsa a gefe.

Atina ba ta da wannan dunƙulallen ɗanɗano na gari guda. Abin da take da shi yawa ne. Mutanen Kirit da na tsibirai da na Ipiros duk sun zo da girkinsu, kuma a lokacin sanyi, da masu yawon buɗe ido suka ragu, gidajen abincin unguwa sukan koma dafa wa 'yan gari. Zuciyar cin abinci a nan ita ce kasuwar Varvakios a titin Atinas, mai aiki tun 1886, da ɓangaren nama da na kifi. Kusa da ita titin Evripidu yake, layin masu kayan ƙamshi, inda za ka ga pasturma a rataye: naman sa da aka busar aka shafe da kwaɓin hulba da tafarnuwa da jan barkono, a yanka shi siriri. Wanda ya san kilishi zai tsaya a gaban shagon nan ya daɗe. A titin Eolu akwai Krinos, da ke soya lukumades tun 1923, wato fanke mai sauƙi da ake tsoma a zuma a barbaɗa kirfa. Kusa da dandalin Omoniya kuma akwai Stani, tsohon shagon madara, inda ake yanko kindirmon tumaki mai kauri a zuba masa zuma da ƙwayar walnot.

Inda Atina ta yi wa Tasalonika nisa shi ne naman halal. A kewayen Omoniya akwai mahauta da gidajen abinci na 'yan Pakistan da Bangaladash da Larabawa, a Kipseli da Patisiya kuma 'yan Afirka ne da yawa, har da 'yan Najeriya. Wanda ya kama masauki mai kicin zai iya sayen ragonsa na halal ya gasa shi da dankali da lemon tsami irin na Girkawa. Masallacin da gwamnati ta gina a Votanikos ya buɗe a Nuwamban 2020. A Tasalonika Musulmi ba su kai haka yawa ba. Tsohon masallacin Yeni Jami na 1902 sai a 2024 aka buɗe shi don sallar Idi bayan kimanin shekara ɗari. Mai tafiya da iyali, ko da dattijon da ba ya wasa da jam'i, ya sa wannan a ma'auni.

Kayan zaƙin biki kuwa duk inda ka je iri ɗaya ne, kuma a nan ne na fi jin kusancinmu da mutanen nan. Tun farkon Disamba kowane gidan burodi yakan tula abu biyu a faranti. Na farko kurabiyedes: fulawa da man shanu da almon, a gasa, a binne cikin garin sukari. Gireba ce. Sunan ma tushensu ɗaya da guraiba ta Larabawa da kurabiye ta Turkawa, hanya ce kawai ta rabu, wata ta bi Sahara ta iso Kano, wata ta haye teku. Na biyu melomakarona: fulawa da man zaitun da ruwan lemon zaƙi da kirfa da kanumfari, a gasa a tsoma cikin ruwan zuma, a barbaɗa walnot. Wanda ya ci alkaki a gidan biki ya san inda aka dosa. Girkawa kan yi gardama kowace shekara a kan wanne ya fi, ni ina bayan melomakarona, don ba ta da madara ko ƙwai, kuma kullum ta kwana sai ta ƙara daɗi. Hattara ɗaya: a girke-girke da yawa na duka biyun ana ɗiga barasar brandi a ƙullin, don haka a tambayi mai shago. Ranar 1 ga Janairu kuma ake yanka vasilopita, kek ɗin sabuwar shekara da ake ɓoye tsaba guda a ciki, wanda ta faɗo a yankinsa a ce shekarar tasa ce.

Yanzu abin sha. A shekarun nan Atina ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen duniya a sana'ar haɗa koktel, wato gaurayen abin sha da galibi ake yi da barasa. Mashayar Baba au Rum ta buɗe a 2009, The Clumsies a 2014, wadda ta zo ta uku a jerin mashaya 50 mafi fice a duniya na 2020, sai Line da ta biyo baya a unguwar Petralona. Abin da ya ɗaga su shi ne sun ɗauki haɗa abin sha kamar girki. Suna dafa ruwan sukarinsu da kansu, suna jiƙa ganyayen dutse, suna amfani da kindirmo da zuma da lemon bargamot da za'afaran na Kozani da mastiha, ƙaron wata bishiya da ake tatsa a ƙauyuka 24 na kudancin tsibirin Hiyos. A lokacin sanyi haɗin yakan karkata ga kirfa da kanumfari da ɓawon lemo. Tasalonika tana da mashaya masu kyau a Ladadika da Valaoritu, amma al'adarta ta fi ƙarfi a zaman uzeri, inda ake shan barasar uzo ko tsipuro da ƙananan farantan abinci. A wannan fage ba ta kamo ƙafar Atina ba.

Mafi yawan masu karanta wannan ba sa shan barasa, kuma da yawa ko zama a inda ake shanta ba za su yi ba. Wannan matsayi ne da ba ya bukatar a ba kowa haƙuri a kansa. Wanda aiki ko abokan tafiya suka kai shi irin wuraren nan, kalmar ita ce horis alkool, ba barasa, kuma a Atina ne zai fi samun mai haɗin da zai ɗauki buƙatarsa da muhimmanci ya haɗa masa abu mai hankali, maimakon ya miƙo masa lemon kwalba. Sai dai a san wurare uku da ake zamewa. In ka ga mastiha a jerin abin sha, galibi barasar da aka yi da ƙaron ake nufi. Ɗigon ɗaci da ake ƙarawa a haɗi don ƙamshi, shi ma yawanci da barasa ake yinsa. Na ukun ya fi su haɗari, rakomelo: barasar raki ce da ake dafawa da zuma da kirfa da kanumfari, a kawo ta da zafi a ƙaramin kofi. Ƙamshinta sak shayin kayan ƙamshi, kuma lokacin sanyi ne kakarta. Ƙari a kan haka, gidajen abinci da yawa kan kawo ɗan kofin barasa kyauta bayan an gama ci, alamar karramawa. Efharisto, den pino, wato na gode, ba na sha, ta wadatar, ba wanda zai ji haushi.

Ni abin shan da nake so mutum ya nema a Girka cikin sanyi ba a mashaya yake ba. Salepi ne. Garin saiwar wani furen daji ake damawa da ruwan zafi har ya yi kauri ya yi yauƙi kaɗan, a barbaɗa kirfa ko citta. Masu tura shi a kan amalanke da babban tulun ƙarfe sukan tsaya a kusurwar titi tun da asuba, kamar mai koko a bakin tasha, kusa da mai gasa kastana. Biranen biyu duk suna da shi, amma ya fi dacewa da Tasalonika, don a can ne sanyin ke sa ka riƙe kofin da hannu biyu. Akwai kuma tsai tu vunu, shayin dutse, ganye ne da ake tsinkowa a tsaunuka a sha da zuma, ba ya hana barci. Gahawar Girka ta ɗan tukunyar briki tana nan, haka frape, gahawar sanyi mai kumfa, wanda aka ƙirƙiro a baje kolin Tasalonika a 1957, kuma mutanen garin ba sa fasa shansa da ƙanƙara ko ana hunturu. Ga masu yara akwai visinada ta jan 'ya'yan itace mai tsami, wadda za ta tuna musu da zoɓo, da sumada ta almon mai kama da kunun aya.

Sanyin kansa ya kamata a auna. A Disamba Atina takan kai digiri 13 zuwa 15 da rana, ana iya zama a waje in rana ta fito. Tasalonika ta fi ta sanyi sosai, dare yakan kusanci sifili, ga danshin teku, ga iskar Vardaris da ke gangarowa daga arewa tana ratsa riga. Wanda sanyin Jos ko hunturun Damagaram ke kwantar da shi, ya yi tunani kafin ya kai tsoho ko jariri can. Ta fuskar aljihu kuwa Tasalonika ta fi sauƙi, gari ne na ɗalibai, Jami'ar Aristotle da ke cikinsa ita ce mafi girma a ƙasar, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fara aiki a can a ƙarshen Nuwamban 2024.

Da ƙanena ne zai tafi da matarsa da yara karo na farko, Atina zan ce masa, ya kama masauki kusa da unguwar Monastiraki, ya ga Akropolis, tudun tsofaffin gine-ginen tarihi, amma ya tuna ana rufe ta ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu. Da abokina ne da ya saba tafiya, mai cin kifi da wake ba tare da ya nemi nama kullum ba, Tasalonika zan tura shi ba tare da na yi dogon tunani ba. Mai kwana bakwai cif kuma yana iya raba su, amma ya fara da arewa: ya sauka Tasalonika wajen 20 ga wata, lokacin da abincin azumi ke ko'ina, ya ga shagalin ranar 24, sannan ya gangaro Atina, inda ko an rufe shagunan 'yan gari don biki, na Omoniya da yawa sukan kasance a buɗe. Wanda ya kai 6 ga Janairu ya je tashar ruwa ta Piriyas da safe, ranar da limamin coci ke jefa gicciye cikin teku samari su yi tsalle cikin ruwan sanyi su ɗauko.

Tsaraba kuma a saye ta a titin Evripidu ko a Kapani: shayin dutse, ƙwayar mastiha, za'afaran, da zumar da ƙudan zuma suka yi daga furen timari. Kurabiyedes sun fi melomakarona jure hanya, don a bushe suke, in an rufe su a gwangwani sukan yi makonni. Pasturma dai a ci ta a can, nama ne, ba kowace iyaka ake barinsa ya wuce ba.